Hanyar Zama Lauyan Kotu a Najeriya, Daga Aji Zuwa Gaban Alƙali

Aikin farko da aka ba ni bayan na sa hular lauya shi ne in je kotu in roƙi a ɗage shari'a. Kusan kowa da haka yake farawa. Maigidan ofis yana wata kotun, sai a miƙo maka fayil da sassafe a ce je ka karɓo mana rana. Ka isa kafin ƙarfe tara, ka duba jerin shari'o'in ranar, ka rubuta sunanka a gefen taka, ka nemi bencin baya ka zauna, domin na gaba na manya ne. In an kira shari'ar ka miƙe, ka faɗi sunanka da na wanda kake wakilta, ka faɗi uzurinka. Magana ce ta minti biyu. Amma alƙali na iya ɗago kai ya ce, "Lauya, an kai wa wanda ake ƙara na biyu sammaci kuwa?" Wanda bai karanta fayil ɗin tun daga shafin farko ba, nan take gumi zai karyo masa. Mutane suna ɗaukar aikin lauya iya zance ne. Abin da na gani a shekarun da na yi ina shiga kotu shi ne, mafi yawan shari'o'i a kan takarda da lissafin kwanaki ake cin su ko a faɗi, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Hanyar tana farawa tun daga sakandare. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a ciki har da Turanci da Adabin Turanci. Adabin nan shi ne ke kayar da yaranmu da yawa, don sai sun zo cike JAMB suke jin labarinsa, alhali ba su ɗauke shi a aji huɗu ba. Digirin shekara biyar ne, ko huɗu ga wanda ya shigo da difloma aka ɗauke shi aji biyu. A jami'o'in Arewa irin su Ahmadu Bello, inda tsangayar shari'a take a Kongo cikin Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, ɗalibi na iya haɗa dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. Darussa sun fi yawa, amma wanda zai yi aiki a Arewa, shawarata ya ɗauki wannan nauyin. Rigimar gado da ta aure da ta gona ita ce abincin yau da kullum a nan.

Kafin ka karɓi gurbi, tambayi abu guda: ɗalibai nawa hukumar kula da ilimin lauyoyi ta yarje wa wannan jami'a ta tura makarantar horas da lauyoyi a shekara, su kuma nawa suke ɗauka? Jami'ar da ta ɗebi fiye da adadinta, ɗalibanta ke biyan bashin. Mutum ya gama digiri ya zauna gida shekara ɗaya ko biyu yana jiran layi ya zo kansa.

A jami'a za a koya maka dokar tsarin mulki, da ta yarjejeniya, da ta laifuffuka, da ta filaye, da ta kamfanoni, da sauransu. Wanda yake son tsayuwa gaban alƙali ya riƙe dokar shaida da hannu biyu. Sauran dokokin za ka iya buɗe littafi a ofis ka duba. Ita kuwa a tsaye ake amfani da ita, domin in abokin hamayya ya miƙa takarda ga kotu, daƙiƙa kaɗan gare ka ka ce ka yarda ko kana da suka.

Daga nan sai makarantar horas da lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, ta fara aiki a Legas, daga baya hedikwatarta ta koma Bwari a Abuja. Tana da rassa a Legas, Inugu, Yola, Yenagoa, Fatakwal, da Bagauda a jihar Kano. Kusan shekara guda ake yi, darussa biyar: shari'ar da ba ta laifi ba, shari'ar laifi, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, sai ladubban aiki. Tufafi baƙi da fari ne kullum, ana ɗaukar sunan masu halarta, wanda ya yi fashi da yawa ba zai zauna jarabawa ba. A tsakiyar shekara ana tura ɗalibai kimanin wata uku su zauna a kotu da ofishin lauya, kowa da littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum, a sa masa hannu, in ya dawo a yi masa tambayoyi a kai. Da yawa suna mayar da wannan lokaci na karatun jarabawa, su sa hannu su gudu. Asara ce babba. Babu wani lokaci kuma da za ka zauna makonni kana kallon lauyoyi suna kuskure ba tare da kuskuren ya zama naka ba.

Jarabawar ƙarshe kashi biyu ce: tambayoyi 100 na canki-canka cikin lokacin da bai wuce awa guda ba, sannan takardun rubutu biyar, ɗaya kowace rana. A zamaninmu da darasin da ka fi rauni a ciki ake auna sakamakonka gaba ɗaya, don haka babu darasin da za ka yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da ke kayar da mutane shi ne zayyana takardun kotu. Ba za a ce ka yi bayanin yadda ake neman beli ba, cewa za a yi rubuta takardar roƙon, da sunan kotu, da ɓangarori, da sashen dokar da ka dogara da shi, da adireshin da za a kai.

Cin jarabawa bai isa ba. Majalisar dattawan aikin, wato Body of Benchers, ita ke rantsar da lauya, kuma sai ta gamsu da halinsa. Ana halartar liyafar cin abinci sau uku, mutum biyu daga cikin dattawan su sa maka hannu a fom. Wanda aka taɓa kamawa da satar jarabawa ko ƙungiyar asiri, a nan abin ke biyo shi. 'Yan'uwa mata su sani cewa maganar hijabi ta wuce: a Disambar 2017 an hana wata ɗaliba shiga zauren rantsuwa saboda hijabinta, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2018 aka rantsar da ita da hijabin a ƙarƙashin hula. Bayan rantsuwa sai ka sa sunanka a kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli. Daga shekarar nan ake ƙirga girmanka a aikin, ba daga shekarun haihuwa ba. Dattijo mai furfura da aka rantsar bana yana ƙasa da yarinyar da aka rantsar bara, kuma sai ta gama za a saurare shi. Kowace shekara kafin 31 ga Maris za ka biya kuɗin lasisin aiki, ka kuma karɓi hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ake mannawa a duk takardar da ka sa wa hannu.

Yanzu ga aikin kansa. Mutum ya shigo ofis da zafinsa, an cinye masa fili ko an hana shi kuɗinsa. Ka bar shi ya faɗi labarinsa har ƙarshe, kana rubuta ranaku. Kafin ka ce masa yana da gaskiya, akwai tambayoyi da za ka amsa wa kanka. Wace kotu ce ke da hurumi? Shi ne ya cancanci ya yi ƙarar, ko mai haƙƙin wani ne daban? Wa za a yi ƙara, kuma da wane suna doka ta san shi? Akwai takardar gargaɗi da doka ta ce a aika wa hukumar kafin a kai ta kotu? Lokaci bai ƙure ba? Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa cewa kotun da ba ta da hurumi duk abin da ta yi banza ne, kome kyansa. Ana iya tayar da wannan magana a karon farko a Kotun Ƙoli, bayan shekara goma sha ana fafatawa, kome ya rushe. Maganar lokaci kuwa ba ta da tausayi. Dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta ba da a yi ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aikinsa, in ban da wasu keɓantattun al'amura. Ƙarar zaɓe kwana 21 ne daga ranar da aka bayyana sakamako, kotun kuma kwana 180 gare ta, babu ƙari ko na yini guda.

Sa hannu ma yana kashe shari'a. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan lauyan da ke cikin kundi ba, ba takarda ba ce. Shari'o'i da yawa sun mutu a kan wannan. In sunayen lauyoyi uku ne a ƙasan takarda, yi alama a gefen sunan wanda ya sa hannun.

A manyan kotuna yanzu kome a gaba ake zubewa. Ranar da ka shigar da ƙara za ka haɗa da bayanin da'awa, da sunayen shaidu, da rubutacciyar shaidar kowannensu wadda ya rantse a kai, da kofen duk takardun da za ka dogara da su. Abin da ba ka ambata a bayanin da'awa ba, ko shaidu goma sun faɗe shi, alƙali ba zai dube shi ba. Shaidan da bai iya Turanci ba, a rubuta a ƙasan takardarsa cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa ya gane kafin ya dangwala, da sunan wanda ya fassara. Sannan ka bi sammaci da ƙafarka. Kada ka biya kuɗi a rajista ka koma ofis ka miƙe ƙafa. Ka tabbata ma'aikacin kotu ya kai, ya rantse cewa ya kai, takardar rantsuwar kuma ta shiga fayil ɗin alƙali. Hukuncin da aka yi wa mutumin da ba a kai wa sammaci ba, rushe shi ake yi.

Takardun hujja kowace da ƙa'idarta a Dokar Shaida ta 2011. Takardar hukuma, in ba ta asali ba ce, sai kofe mai hatimin tabbatarwa, da suna da muƙamin jami'in, da kwanan wata, an kuma biya kuɗin tabbatarwar. Abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, kamar bayanan asusun banki ko saƙon WhatsApp, sashe na 84 ya ce sai an cika sharuɗɗan da ke nuna na'urar tana aiki daidai, kuma an saba haɗawa da takardar shaidar hakan. Na sha ganin hujjar da za ta raba gardama an ƙi karɓarta saboda rashin wannan takarda mai shafi ɗaya.

Ranar sauraro, shaidanka zai rantse, ya amince da rubutacciyar shaidarsa, a miƙa takardu, sai ɗaya ɓangaren ya taso masa da tambayoyin ƙure. Nan ne aikin da mutane ke zuwa kallo, kuma nan ne sababbin lauyoyi suka fi ɓarna. Tambayar ƙure gajera ce, magana ɗaya a cikinta, amsarta i ko a'a. "Ranar kana Kaduna, haka ne?" "Ba ka ga lokacin da aka biya kuɗin ba, haka ne?" Kada ka tambayi shaidan abokin hamayya "don me", domin ka buɗe masa ƙofa ya gyara duk abin da ya ɓata. In ka sami amsar da kake so, wuce, ka adana ta sai jawabin ƙarshe. Amma duk muhimmiyar maganar da ya faɗa wadda ba ka yarda da ita ba, dole ka tunkare shi da ita, in ka yi shiru kotu za ta ɗauka ka amince. In zai saɓa wa abin da ya rubuta a baya, nuna masa takardar, karanta masa wurin, ka ba shi dama ya yi bayani, sannan saɓanin zai yi maka amfani.

Ka riƙa kallon alƙalamin alƙali. A kotuna da yawa har yau da hannu alƙali ke rubuta kome. In kana zuba kamar ruwan sama alƙalaminsa yana ajiye, maganarka iska ta kwashe. Yi tambaya, a amsa, ka jira hannunsa ya tsaya, sannan ka yi ta gaba. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ga fuskar shaida ba, ba ta ji muryarka ba, abin da ke cikin littafin nan kaɗai za ta karanta.

Ka kuma kasa kunne ga tafinta. Harshen babbar kotu Turanci ne, shaidunmu kuwa da Hausa suke magana. Manomi ya ce "na ba shi gonar", yana nufin aro ko jingina, tafinta ya juya ta yadda za a fahimci kyauta ce. Ya ce "ɗan'uwana ne", a rubuta kamar uwa ɗaya uba ɗaya, alhali ɗan garinsu yake nufi. Lauyan da ya ji Hausa ya miƙe nan take cikin ladabi ya nemi a sake tambayar. In an rufe littafi an tashi, gyaran ya yi wuya.

A shari'ar laifi nauyin hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sai ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Yawancin fayilolin da za su zo hannunka a kan takardar amsa laifi aka gina su. Ka zauna da wanda ake tuhuma a gidan gyaran hali tun kafin ranar, ka tambaye shi yadda aka ɗauki bayanin. "Ba ni na faɗa ba" daban, "dukana aka yi na faɗa" daban. Ta farko, kotu za ta karɓi takardar ta auna nauyinta a ƙarshe. Ta biyu, a daidai lokacin da aka miƙa takardar za ka yi suka, a binciki yadda aka same ta, mai gabatar da ƙara ya tabbatar ba tilas aka yi ba. In ka bari aka karɓa, ka makara. Ka duba kuma: da Hausa ya yi bayanin aka rubuta da Turanci? Ina na Hausar? Wa ya fassara, an kira shi shaida? In ɗan sanda ya rubuta ta bakin tafinta, ba a kuma kira tafintan ba, bayanin ya zama ji-ta-ji-ta. Abin da ya fi ci mini rai a wannan fanni shi ne mutanen da ake kaiwa kotun majistare kan laifin da ba ta da hurumin saurara, a tsare su ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wata ya bi wata. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Neman beli a babbar kotu da bin fayil ofis-ofis har shawarar ta fito aiki ne marar armashi, amma shi ke fitar da mutum.

Kotun shari'ar Musulunci duniya ce ta daban. Ba hula, ba baƙar riga, da Hausa ake yi, kuma "Allah gafarta Malam" za ka ce. Abin da alƙali zai fara tantancewa shi ne wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, domin ba lallai wanda ya kawo ƙara ya zama mai da'awa ba. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Akwai adadin shaidu, akwai damar sukar adalcin shaida, akwai hauzi, wato wanda ya ga ana amfani da kadararsa shekara goma ya yi shiru ba uzuri, in ba dangantaka a tsakani, ba a sauraron da'awarsa. Akwai kuma i'izari: kafin hukunci alƙali ya tambayi ɓangarorin ko da sauran hujja. Hukuncin da aka yanke ba i'izari, kotun sama na iya rushe shi. Littattafan fiƙihu, Tuhfa da Mukhtasar da Risala, su ake buɗewa a nan, lauyan da bai san su ba zai sha kunya a hannun dattijon alƙali. Ka kuma lura da inda za ka ɗaukaka ƙara: sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rigimar mallakar fili zalla ko ta ciniki, in ka kai ta can, ka ɓata wa mutum shekaru.

Iyaye sukan tambaye ni ko aikin nan halal ne. Wakilci a husuma sananne ne a fiƙihu. Haɗarin yana wajen da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a hadisin Ummu Salama: wani ya fi wani iya tsara hujja, wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yankin wuta aka yankar masa. Ladubban aikin ma sun hana ka kawo shaidar da ka san ƙarya ce, ko ka ɓoye wa kotu hukuncin da ya saɓa wa matsayinka. Wanda ya gaya maka ya aikata, kana iya tsayawa a kan sai mai ƙara ya kawo hujjarsa, amma ba za ka ƙirƙira masa labarin yana wani gari ba. Ba ka tsaya wa wanda kake karewa beli. Kuɗin da ka karɓo masa asusunsu daban, ba ka taɓa su ko da niyyar mayarwa gobe. Wannan na cikin manyan abubuwan da ke kai lauya gaban kwamitin ladabtarwa a soke sunansa daga kundi.

Shekarun farko akwai wuya, albashin ƙaramin lauya a yawancin ofisoshi bai taka kara ya karya ba. Duk da haka kada ka yi gaggawar buɗe naka ofis. Nemi maigidan da ke shiga kotu da kansa, mai jan layi da jan biro a rubutunka ya dawo maka da shi sau uku. Bayan shekara 10 ƙofofi suna buɗewa: alƙalancin babbar kotu, ko neman muƙamin Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975, kuma ana duba shari'o'in da ka kammala tun daga babbar kotu har Kotun Ƙoli. Don haka tun yau ka riƙa karɓar tabbataccen kofen kowane hukunci da sunanka ya fito a ciki kana adanawa.

In an rufe shaidu an yi jawabin ƙarshe, tsarin mulki ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci. Ka shirya zuciyar wanda kake wakilta tun da wuri, domin shari'a mace ce mai ciki, kuma in aka yi wa alƙali canjin wuri ko ƙarin girma kafin a gama, sau da yawa daga farko ake sakewa. Ranar hukunci ka zo da takardar neman kofensa a aljihu. In an kayar da kai a babbar kotu, wata uku gare ka ka ɗaukaka ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 in hukuncin na tsakiyar shari'a ne, kwana 90 in ta laifi ce. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai ka nemi dakatarwar da takarda daban. In kai ka yi nasara, kuɗin ba su shigo ba tukuna: za ka nemi umarnin kama kadara, ko na riƙe kuɗin wanda aka kayar a bankinsa, in kuma kuɗin suna hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i, doka ta ce a fara neman amincewar Antoni Janar. Ka gaya wa mai shari'ar wannan duka tun ranar da ya fara zama a ofishinka, ka rubuta masa kuɗin aikinka da matakin da suka tsaya, ku sa hannu ku biyu.